Sulhun Ɗakunan Yaya Babba

Ranar da aka kwaso kayan Yaya Babba zuwa gidan Mai Taya, Auta ne ya hau bayan motar ya rungume madubin sif ɗinta don kada ya fashe a hanya. Ita tana gaba kusa da direba, jakar magungunanta a kan cinya, ba ta waiwayi tsohon gidan ba har aka sha kwana. Ita ce babbarsu. Mai Taya ke bi mata, mai shagunan tayar mota da gida mai doguwar katanga a sabuwar unguwa. Auta kuwa malamin sakandare ne, da matarsa da 'ya'yansa, har furfura ta fara leƙo masa a gemu, amma a bakinta bai taɓa tashi daga Auta ba, don a bayanta ya girma tun da mahaifiyarsu ta rasu ta bar shi yana rarrafe.

Ɗakin da aka ware mata yana bayan kicin, bango ɗaya da rumfar janareta. Da can buhuna ake jibgewa a ciki, kuma duk da an share an wanke, warin albasa bai fita ba. Taga ɗaya ce, can sama kusa da rufi, sai mutum ya taka kujera zai ga waje. Gado ya shiga da ƙyar. Sif ya ƙi wuce ƙofa, aka jingine shi a waje, Hajiya matar Mai Taya ta ce gobe-gobe za a kira kafinta ya rage masa tsawo. Yaya Babba ta zauna a bakin gado, ta dubi bangon nan huɗu, ta ce alhamdu lillahi, ai ɗaki ya yi, mutum ɗaya me zai yi da fili. Auta ya sunkuya yana ta gyaran ƙafar gadon da babu abin da ya same ta.

Sulhun kotu ne ya kawo ta nan. Bayan rasuwar mahaifinsu Mai Taya ya samo mai sayen gidan gado. Yaya Babba ta ce a sayar da komai, amma ban da ɗakuna biyu na gaba, don da guminta ta gina su, kuma a cikinsu take renon yaran matan unguwa masu fita aiki. Da aka ƙi saurarenta ta kai ƙara. Alƙali ya ga ciki ɗaya suka fito, ya ce su je su daidaita su dawo masa da abin da suka cim ma. Lauyan Mai Taya ya rubuto takarda. A ciki aka ce Yaya Babba ta janye maganar ɗakunan, a sayar da gida, kasonta ya zauna a hannun Mai Taya, shi kuma ya ba ta wurin kwana da abinci a gidansa muddin ranta.

A barandar kotu, kan wani dogon benci, aka miƙa mata takardar. Ciwon suga ya riga ya fara cin idanunta. Ta kai takardar kusa da hanci, ta mayar nesa, sannan ta miƙa wa ƙaninta.

"Auta, karanta mini. A duk wurin nan bakinka kaɗai na yarda da shi."

Ya karanta. Ya karanta inda aka ce wurin kwana da abinci, da murya mai daɗi, har da maimaitawa. Da ya zo sakin ƙarshe, inda aka rubuta cewa ta bar maganar har abada kuma ba za ta sake tayar da ita a gaban kowace kotu ba, sai ya yi tari ya juya shafi. A lokacin gininsa na tsaye babu rufi, damina ta matso, mai gidan haya kuma ya ba shi wa'adi. Kasonsa na gidan shi ne kwanon rufinsa.

"To in na je na ga ba daɗi fa?" ta tambaye shi.

"Sai mu dawo wurin alƙali, Yaya. Ai ba a rufe ƙofar kotu."

Da suka koma ciki alƙali ya tambaye ta ko an karanta mata, ko ta fahimta, ko akwai wanda ya tilasta mata. Ta dubi Auta, sannan ta ce an karanta, ta fahimta, babu wanda ya tilasta. Ta dangwala yatsa. Alƙali ya yaba musu, ya ce daga yau wannan takarda hukuncin kotu ce, ba maganar gida ba.

A makonnin farko ba ta bar ɗabi'arta ba. Da sassafe za ta yi wanka ta ɗaura ɗankwali ta zauna a bakin ƙofa, kamar yadda ta saba jiran uwaye su fara sauke mata goyo suna sauri kada motar aiki ta wuce su. A nan ba mai zuwa. Yaran gidan manya ne, direba ke kwashe su zuwa makaranta, su dawo su haye sama. Ta shiga kicin za ta kama aiki, Hajiya ta ce haba Yaya, ki huta, ga mai aiki ana biyan ta. Ta ɗauki tsintsiya, aka karɓe. Sai zama, sai rediyon da janareta ke danne masa murya da zarar wuta ta ɗauke. Ta raɗa wa injin suna maƙwabcina mai munshari, in Auta ya zo ta ce masa maƙwabcinta ya gaishe shi, su yi dariya, hayaƙi na shigowa ta ƙarƙashin ƙofa.

Wata rana wata ma'aikaciyar asibiti daga tsohuwar unguwa ta hau mota biyu da tagwayenta, ta zo roƙon ko Yaya za ta ci gaba da riƙe mata su, don tun da ta tashi yaran ba sa yarda da kowa. Maigadi ya tsayar da ita a bakin get. Da maganar ta kai kunnen Mai Taya ya ce gidansa ba gidan reno ba ne, kuma da irin wannan shige-da-ficen ne ɓarayi ke gane lungun gida. Yaya Babba ta roƙa ko yara biyu a bar mata, a tsakar gida ta baya, ba za su taka falo ba. Ya ce so take mutane su ce ya kasa ciyar da yayarsa har sai ta yi aikatau a ƙarƙashin rufinsa? Maganar ta mutu a nan. Auta na wurin, yana tsaye da ledar lemo a hannu.

Abinci kam ana kawowa, ba a taɓa fashi ba. Abin da aka dafa wa gida shi ake zuba mata, farar shinkafa, taliya, burodi da shayi mai sukari. Ta faɗa sau ɗaya cewa likita ya hana ta, Hajiya ta ce gidan nan tukunya ɗaya ake ɗorawa, in aka fara ware wa kowa tasa ai sai a buɗe gidan abinci. Allurarta da ake ajiyewa a firij, ran da aka yi baƙi aka fitar da ita don a samu wurin lemon kwalba, ta yini a kan kanta cikin zafi, ba wanda ya tuna. A tsohuwar unguwa da ƙafa take zuwa asibiti, ma'aikatan duk sun san ta. Yanzu sai da direba, shi kuma kullum ko yana shago, ko ya kai Hajiya unguwa, ko mota na wurin makanike. Ranar ganin likita ta wuce, wata ta zo ta wuce.

Auta yana zuwa duk ƙarshen mako. Ba ta taɓa kai masa ƙara ba. Sai dai ta tambayi yaransa ɗaya bayan ɗaya, ta tambayi rufi, ko yana yoyo, ko an sa ƙofofi. Ran da ya gaya mata sun tare a sabon gidan, ta ɗaga hannu ta yi ta sa albarka. Ya fito daga ɗakin kamar wanda aka yi wa duka. A gidan nasa akwai ɗaki ɗaya kusa da ƙofar shiga, mai faɗin taga, ya cika shi da tsofaffin littattafai da kekunan yara da ragowar fenti, yana cewa nan gaba zai riƙa koyar da ɗalibai da yamma a ciki. Ya taɓa ɗauko wa matarsa maganar Yaya, a kaikaice. Ba ta ƙi ba. Ta ce in yana so ya kawo ta, ita ba ta da ja, sai dai ya tuna ita ma fita aiki take yi, wa zai yini da ita? Auta ya kama wannan tambayar da hannu biyu, bai sake neman amsarta ba.

Kafinta bai taɓa zuwa ba. Ruwan sama ya daki sif ɗin har katakon ya kumbura ya ɓalle, ƙusoshi suka zubo a hanyar banɗaki. Yaya Babba ta taka ɗaya ba ta ma ji ba, don ƙafafun sun daɗe da mutuwa. Sai da ta ga jini a silifa. Ta wanke da ruwan gishiri ta ɗaure da tsumma, ba ta gaya wa kowa ba. Auta ne ya ji wari wata ranar Asabar, warin da ba na albasa ba. Ya matsa mata ta kwance tsumman. Babban yatsan ya yi baƙi, gefen ƙafar ya kumbura yana sheƙi. Ta ce ɗan ciwo ne, kada ya tayar wa mutane hankali.

Daga nan shagon Mai Taya ya wuce. Ya same shi a zaune a bayan tebur, tayoyi jere har rufi, yana waya da wani mai kawo kaya. Sai da ya gama sannan ya saurare shi.

"Alhaji, ƙafar Yaya ruɓewa take yi. Yaushe rabon da a kai ta asibiti?"

Mai Taya ya ce shi ba likita ba ne, kuma ba ta gaya masa ba, mutum ba zai san abin da ke cikin tsumma ba. Ya ce Yaya taurin kai gare ta tun suna yara, an ce ta sa takalmi ba ta ji. Ya ce kasuwa ta tsaya, kayan da ya yi oda sun maƙale, kasonta da ake magana duk yana cikin tayoyin nan da Auta ke gani, in sun fita ai ita ma za ta ji a jikinta. Sannan ya jawo aljihun tebur ya ɗan bubbuga shi.

"Takarda tana nan. Wurin kwana da abinci. Ta kwana a titi? Ta kwana da yunwa? Ka nuna mini wanda na tauye a ciki. Kuma kai ne ka karanta mata, ba ni ba."

A ranar Auta ya ɗauki tasi ya kai ta asibiti da kansa. Aka wanke ciwon, aka yi mata faɗa, aka yi masa faɗa, aka ce a riƙa kawo ta wankin ciwo a kai a kai kuma a gyara mata abinci. Ya mayar da ita ɗakin bayan kicin, ya bar wa direba saƙo, direba ya ce to.

A farkon mako ya nemi izini a makaranta ya tafi wurin wata lauya da ya taɓa koyar da ɗanta. Ofishinta na saman wani kantin magani, ƙaramin ɗaki da fanka mai ƙara da fayiloli har kan kujeru. Ya ajiye mata kwafin takardar, ya ce ɗaukaka ƙara yake so a yi, a kai maganar kotun gaba, an cuci yayarsa. Lauyar ta sa tabarau ta karanta a tsanake, ta koma farko ta sake bi, sannan ta cire tabarau ɗin.

Ta ce masa da alƙali ne ya saurari shaidu ya yanke hukunci da kansa, da sai a je sama a ce ya yi kuskure. Amma wannan ba alƙali ya yanke ba, su suka yanke wa kansu, shi hatimi kawai ya buga. Wanda ya tsaya a gaban kotu ya ce na yarda, ba ya zuwa kotun gaba ya ce a tuhumi alƙali don ya yarda da yardarsa. Ko neman izinin ɗaukaka ƙarar ma ba a bayarwa haka kawai, ga shi lokaci ya ja. Auta ya ce to a tilasta wa Mai Taya ya kula da ita. Ta ce kotu tana tilasta abin da aka rubuta ne, kuma ba a rubuta asibiti ba, ba a rubuta irin ɗakin ba, ba a rubuta irin abincin ba. Wanda ya tsara takardar ya san aikinsa.

"Ke nan babu hanya?"

"Akwai ƙofa ɗaya, ƙarama. Sai a shigar da sabuwar ƙara a ce yardar da ta yi ba yarda ba ce. Ko an tsorata ta, ko an yaudare ta. Kuma ba faɗa da baki ba, sai an nuna wanda ya yi da yadda ya yi." Ta ɗora yatsa a kan sakin ƙarshe. "Ka ce ba ta gani sosai. Wa ya karanta mata wannan?"

Fanka ta yi ta juyawa. Auta ya dubi takalmansa, ya dubi fayilolin, sannan ya faɗa mata. Ba ta nuna mamaki ba, da alama ba shi ne na farko da ya zauna a kujerar nan ya faɗi irin wannan ba. Ta ce in haka ne shi zai rantse a rubuce cewa ya tsallake sakin da gangan don yana da amfani a cinikin, ita ma Yaya ta rantse cewa da ta ji sakin da ba ta dangwala ba. Ta ce kada ya sa rai da ɗakunan, wanda ya saya ya saya, amma ana iya ƙwato kasonta daga hannun Mai Taya da darajar gininta, ta kama wuri kusa da asibiti ta samu mai kula da ita. Ta kuma ce ya sani, lauyan wansa zai tsayar da shi a gaban jama'a ya kira shi mayaudari, maganar tana iya kaiwa makaranta, kuma shi ma ana iya cewa ya mayar da wani abu daga abin da ya karɓa.

Auta ya ce ya ji, ya yarda. A makon nan in yana rubutu a allo sai ya tsaya da alli a hannu, yana ganin kansa a akwatin shaida, ɗalibai na jira ya ƙarasa jimla.

Suka je wurin Yaya Babba tare da lauyar ranar da Auta ya san Mai Taya na shago, Hajiya kuma ta fita. Lauyar ta zauna a kan bokitin da aka kifa, don babu kujera. Ta gaida Yaya Babba da ladabi, ta kira ta Mama, ta yi mata bayani dalla-dalla, ta karanta mata sakin ƙarshe da babbar murya. Yaya ta saurara, ƙafar na miƙe a kan matashi. Auta na tsaye a bakin ƙofa, ya kasa shiga ya kasa fita.

"'Yata, in na gane ki, so kike in je gaban alƙali in ce Auta ya cuce ni."

"Ki faɗi abin da ya faru ne kawai, Mama. Shi da kansa ya yarda zai faɗa."

"Su rubuta a littafinsu, 'ya'yansa su girma su ji?" Ta gyara ɗankwalinta. "An tambaye ni ran nan, na ce an karanta mini. Yau ma haka zan ce. Ya karanta mini duka, ni ce ban riƙe ba. Tsufa ne."

Auta ya ce, "Yaya, ba haka aka yi ba."

"Rufe mini baki. Ni da kai wa ya girmi wani?"

Lauyar ta yi ƙoƙari, ta nuna mata ƙafar, ta nuna mata tagar, ta ce ranta ake magana. Yaya Babba ta yi mata godiya, ta sa mata albarka, ta ce a gaida yara, ta juya fuska bango. In babu rantsuwarta babu ƙara.

Suna fitowa tsakar gida Auta ya ji wani abu ya sauka daga ƙirjinsa. Numfashinsa ya dawo, har iskar ta yi masa daɗi. Ba za a tsayar da shi a gaban jama'a ba, shugaban makaranta ba zai kira shi ofis ba, ba mai taɓa rufinsa. Sai da ya kai get ya gane sunan abin da yake ji, sauƙi ne, kuma kunyar wannan ta fi ta barandar kotu zafi. Lauyar ta buɗe motarta ta tsaya tana kallonsa.

"Malam, na karanta takardar nan ciki da waje. Ban ga inda ta hana ka ɗauki yayarka ka kai ta gidanka ba."

Da yamma a gidansa ya buɗe ɗakin kusa da ƙofa ya tsaya a tsakiya. Ya auna da ido inda gado zai zauna. Ya ce sai an fitar da littattafan, sai an shafa fenti, kuma dakalin banɗakin ya yi mata tsawo, sai an kira magini ya sassare shi. Ya fitar da kekuna biyu a ranar. Sai jarrabawa ta zo, ga takardun ɗalibai jibge. Sai ƙaramar 'yarsa ta kwanta zazzaɓi. Sai magini ya ce yana wani aiki, a jira shi. Bai gaya wa Yaya shirin ba, ya ce gara ya gama komai ya ba ta mamaki. Zuwansa ma ya ragu, don kallon ƙafar ya fara fin ƙarfinsa. In ya kira direba ya tambayi wankin ciwo, direba ya ce gobe in Allah ya yarda, shi ma ya ce to Allah ya kai mu.

Yana cikin aji aka kira shi. Mai aiki ce ta kai abincin rana ta tarar da na safe ba a taɓa ba, Yaya na kwance jikinta kamar wuta, ba ta gane mutane. A asibiti likita bai ɓata lokaci ba, ya ce ciwon ya hau, ko ƙafar ko ran. Aka yanke ta daga ƙasan gwiwa. Mai Taya ya biya kuɗin aikin, ya kuma tabbatar duk dangin da suka zo dubiya sun ji cewa shi ya biya, alhali ko a takarda babu wannan. Dangi suka yi ta yaba masa, suna cewa zumunci bai ƙare ba.

Ranar sallama babbar nas ta tara su a gefen gadon. Yaya Babba na zaune an jingina ta da matasai, ta rame har zoben hannunta na yawo, zanen gado ya kwanta shafal a inda ƙafar take a da. Nas ɗin ta ce mara lafiya na bukatar ɗaki mai iska, banɗakin da keke zai shiga, mai juya ta da wanke ta, da abinci na dabam. Ta riƙe biro a kan katin sallama ta tambaya gidan wa za a kai ta.

Mai Taya ya yi gyaran murya. Ya ce shi fa ya yi iyakar yinsa, kowa shaida ne. Ƙofar ɗakin can ko sif bai wuce ta ba balle keken guragu, Hajiya kuma bayanta na ciwo, mai aiki ta ce ba za ta iya ɗaukar fo ba. Ya ce da ana warware takardar nan da shi ma ya huta. Ya juya ya dubi ƙaninsa, ya ce ya ji an ce akwai ɗaki a gidan Auta da ba kowa a ciki.

Nas ta dubi Auta. Yaya Babba ma ta juyo da fuskarta wajen da take jin numfashinsa. Ya tuna fentin da ba a shafa ba, da dakalin da ba a sassare ba, da matarsa da ke fita tun safe, da fo, da wanki, da shekarun da ba wanda ya san yawansu. Bakinsa ya buɗe kafin zuciyarsa ta gama shawara.

"Ai kotu ta riga ta yanke," ya ce. "Gidan Alhaji aka rubuta. Hukunci ne, ba a canza shi."

Nas ta rubuta. Mai Taya ya yi tsaki ƙasa-ƙasa ya fita kiran direba, don shi ma takardar ta ɗaure shi, kuma ya san ƙaninsa ya san haka.

Babu wanda ya karya doka a ɗakin nan. An yi sulhu a gaban alƙali, an tambayi mai haƙƙi ta ce ta yarda, an buga hatimi, kuma duk abin da aka rubuta an cika shi ba a rage ko harafi ba. Dokar da ta ce kada a warware abin da mutum ya yarda da shi da bakinsa, an yi ta ne don rigima ta samu ƙarshe, mutane su koma gida su zauna lafiya. Ba ta san cewa akwai mai cewa na yarda don ta dubi fuskar ƙaninta ba. Ba ta kuma san cewa 'yan uwa biyu za su iya samun mafaka a bayan takarda ɗaya, kowa ta gefensa ba.

Auta ne ya tura kekenta a doguwar barandar asibitin har bakin mota. Shi da direba suka ɗaga ta, ba ta da nauyi ko kaɗan, suka zaunar da ita a kujerar baya, ya gyara mata zane ya rufe dungulmin. Ya tsaya riƙe da ƙofar yana neman abin da zai ce. Ta lalubo hannunsa ta ɗan matse.

"Rana ta yi, Auta. Je ka ɗauko yara, kada a tashe su su tsaya jiranka a bakin titi."

Ya rufe ƙofar a hankali, motar ta ja. Ya tsallaka titi ya tari abin hawa zuwa makarantar yaransa, ya isa ana buga ƙararrawa. Bai makara ba.